Kai Yara Ƙanana Ziyarar Dangi a Ghana Lokacin Hutu: Tambayoyi da Amsoshi

Gidaje da yawa a Kano, Katsina, Zariya da Sakkwato suna da reshe a Ghana tun zamanin fataucin goro, lokacin da ayari ke shafe watanni a hanyar Gwanja kafin ya sauka Salaga. Jikokin waɗancan fatake ne yau a Nima da Mamobi da Sabon Zango a Accra, da Aboabo da Asawase a Kumasi, ga kuma matan da aure ya kai can daga baya. Da an ba da dogon hutu a ƙarshen Yuli, ko hutun Disamba, sai ka ji uwa na cewa bana kam sai yaran nan sun ga kakarsu. Abin da ya fi jawo wa iyaye wahala shi ne ganin cewa ai wajen 'yan uwa za a je, kamar an tashi daga Fagge za a leƙa Kurna. Jami'in bakin iyaka bai san zumuntarku ba, cikin yaro ma bai san ruwan garin ba. Ga tambayoyin da iyaye suka fi yi.

Ɗan goye ma sai an yi masa fasfo?

Sai an yi. Zamanin da ake rubuta sunan yaro a fasfon uwarsa ya wuce. Ko ɗan wata biyu ne, nasa daban. Ana neman takardar haihuwa ta Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, wato ba 'yar takardar da ake miƙo wa a ɗakin haihuwa ba, da lambar NIN ta yaron, da wasiƙar amincewar iyaye, sannan a kai shi ofishin shige da fice a ɗauki hotonsa. Wanda bai kai shekara 18 ba fasfo mai shekara 5 ake ba shi. Daga Satumban 2025 kuɗin mai shafi 32 ya koma naira 100,000, don haka mai 'ya'ya uku ya zauna ya yi lissafi tun kafin ya yi wa kowa alkawarin zuwa. Akwai kuma takardar tafiye-tafiye ta ECOWAS, ita ma hukumar shige da fice ke bayarwa. Tana aiki shekara 2 a ƙasashen ƙungiyar kawai, kuma ta fi sauƙin kuɗi.

Inda aka fi tuntuɓe shi ne suna. Takardar haihuwa ta ce Muhammad, NIN ta ce Mohammed. Gida ana kiran yarinya Hadiza, malamin da ya cike fom ya rubuta Khadija. Wannan ɗan bambancin yana iya tsayar da aikin fasfo makonni, domin sai an koma an gyara NIN tukuna. Ku baje takardun a kan tabarma, ku bi su harafi-harafi, kuma ku fara wannan aikin wata uku kafin hutu.

Ana neman biza?

A'a. Yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba ɗan Najeriya damar shiga Ghana, Togo da Jamhuriyar Benin ya zauna har kwana 90 ba biza. Abin lura shi ne hatimi: ku tabbata an buga wa fasfon kowane yaro na shiga da na fita, ku duba da idonku kafin ku bar tagar. A bakin iyaka za ku ga 'yan cuwa-cuwa masu cewa kawo kaza mu tsallaka da ku ta baya a babur, ba layi ba tambaya. Shiga ta wannan hanya da daɗi, ranar fita ce ake raina kai, lokacin da jami'i zai tambayi ta inda yaran nan suka shigo. Tsofaffin zango, wato unguwannin Hausawa a Ghana, ba sa wasa da takarda, kuma suna da dalili: sun ga korar baƙi da Ghana ta yi a 1969 zamanin Firaminista Busia, sun kuma ga ta 1983 da Najeriya ta yi zamanin Shagari, wadda ta bar mana sunan jakar nan ta “Ghana Must Go” da har gobe muke cika ta da tsaraba.

Yarana sun gama rigakafi, katinsu na asibiti yana hannuna. Bai isa ba?

Bai isa ba. Ghana na neman shaidar rigakafin cutar shawara ga duk wanda ya kai wata 9, kuma shaidar da ake karɓa ita ce ta ƙasa da ƙasa, katin nan ruwan ɗorawa da aka fi sani da yalo kad. Ofishin lafiya na tashoshin shiga da fita ne ke bayarwa, akwai shi a manyan filayen jirgin sama. In yaro ya riga ya karɓi allurar wata tara, wadda ake haɗawa da ta ƙyanda, ku tafi da katin asibitin su gani. In bai karɓa ba za a yi masa, amma katin ba ya fara aiki sai bayan kwana 10. Wanda ya je ana gobe tafiya ya makara. Tun 2016 allura ɗaya ta wadatar har ƙarshen rayuwa, sai dai a adana katin tare da fasfo.

Kada ku sayi katin da aka cike ba tare da an yi allurar ba. Tun 2019 katin Najeriya yana da lambar da ake dubawa a kwamfuta, kuma ko da kun wuce da na bogi, jikin yaron ne ya tafi ba kariya.

Ni kaɗai zan tafi da yaran, babansu ba zai samu zuwa ba. Akwai matsala?

Babu, in kin yi shiri. Mu a al'adarmu sunan yaro na biyu sunan ubansa ne, uwa kuwa tana ɗauke da sunan nata uban. Ke Aisha Garba, yaro Usman Sani. Ga jami'in da ba ya jin Hausa babu abin da ya haɗa ku a takarda. Ki riƙe takardar haihuwar kowane yaro ta asali, domin ita ce ke ɗauke da sunanki. Maigida ya rubuta wasiƙa da Turanci cewa ya amince, ya faɗi sunayen yaran, inda za a je, ranar tafiya da ta dawowa, da lambar wayarsa, ya haɗa da kwafin katin shaidarsa. Ranar tafiyar kuma ya bar wayarsa a kunne. In mahaifin ya rasu, kwafin takardar rasuwa. In an rabu, takardar kotu da ta ba ki riƙo.

Lamarin ya fi tsauri in yaron ba naki ba ne. Sau da yawa akan ce ai ga 'yar ƙanwata da nake riƙo, ko ga ɗan maƙwabta da zai je ganin gwaggonsa, a haɗa su a tafi. A gida wannan ba komai ba ne. A hanyar Legas zuwa Kwatano kuwa, wadda ta yi ƙaurin suna wajen safarar yara, babbar mace da yarinya 'yar shekara goma da ba sunansu ɗaya ba abin tuhuma ne, kuma tun 2003 akwai hukumar NAPTIP da aikinta shi ne yaƙi da safarar mutane. Za su iya ware yarinyar gefe su tambaye ta wace ce wannan, ina za ku. In ta ce Mama ce, takarda kuma ta nuna wata Maman daban, kun kwana a nan. Maganin abin shi ne takardar rantsuwa daga kotu wadda iyayen yaron na asali suka yi, da hotunansu da lambobinsu. Ki kuma zaunar da yaran da suka yi wayo ki koya musu cikakken sunansu, sunan ubansu, da sunan wanda za su wajensa, kada ki koya musu ƙarya ko ƙanƙanuwa. Jami'an nan yara suke karewa, kada tambayarsu ta ɓata miki rai.

Jirgi ko mota?

In aljihu zai ɗauka, kuma akwai ɗan ƙasa da shekara biyar a tafiyar, jirgi. Daga Legas zuwa Accra kusan awa ɗaya ce a sama. Wanda ya taso daga Kano yawanci sai ya sauka Abuja ko Legas ya canja, don haka a bar tazarar awanni masu yawa tsakanin jiragen biyu, ko ma a kwana, saboda ɗage tashin jiragen cikin gida ba baƙon abu ba ne. Jaririn da bai kai shekara 2 ba a cinya yake zama, kuma yawanci kusan kashi 10 cikin 100 na kuɗin babba ake biya masa, ban da haraji. Da ya cika biyu sai an saya masa kujera. In zai cika biyun kuna can, ku faɗa wa mai sayar da tikiti tun farko, domin dawowar da kujera za a yi ta.

Mota ta fi arha, ta fi ɗaukar kaya, amma ku san abin da kuka ɗauko. Legas zuwa Accra bai kai kilomita 500 ba, sai dai iyaka uku ce a tsakani: Seme, sannan Hilakonji tsakanin Benin da Togo, sannan Aflao da ke manne da Lome. A kowace sai an tsaya, wani lokaci a sauko da kowa da kayansa a tsakiyar rana. Tafiyar da taswira ke nuna ta awa takwas takan cinye yini guda. Ƙara da Kano zuwa Legas, wajen kilomita 1,000, in kuma Kumasi za ku ga wasu 250 bayan Accra. Babba ma yana jin jiki. Shawarata a raba tafiyar: a kwana ɗaya ko biyu wajen 'yan uwa a Agege ko Idi-Araba, yara su yi wanka su miƙe ƙafa, sannan a kama motar asuba ta kamfanin da ke zuwa Accra kai tsaye, wanda ma'aikacinsa ke tattara fasfo ya bi layin hatimi. Tsalle daga wannan tasi zuwa waccan da goyo da jakunkuna aikin 'yan kasuwar da suka saba ne. Ku saya wa duk yaron da ya wuce uku kujerarsa; kuɗin da za a rage ta hanyar ɗora shi a cinya a ƙafafunki za ki biya shi.

Ghana da Togo suna bayan Najeriya da awa ɗaya. Ku gyara agogo saboda jirgi da lokutan salla.

Ba a bin ta Nijar da Burkina Faso kamar da?

Hanyar Yamai, Wagadugu, Paga, Tamale ita ce ta fi kusa ga mutumin Sakkwato ko Kabi, kuma da ita aka fi bi. Yanzu rashin tsaro a yammacin Nijar da gabashin Burkina ya sa ba hanyar ɗaukar yara ba ce. Ƙasashen biyu da Mali sun fice daga ECOWAS a Janairun 2025, ƙa'idojin bakin iyaka kuma suna iya canjawa cikin dare ɗaya, kamar yadda aka gani bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023.

Jaririna yana kuka a tafiya. Zan iya ba shi maganin barci?

Kada ki ba shi. Wasu iyaye kan ɗura wa yaro maganin tari ko na mura don ya yi luf. Irin su Phenergan an hana ba ɗan ƙasa da shekara 2 saboda suna iya danne numfashi, wasu yaran ma maimakon barci sai su ƙara birkicewa. Kukan da jariri ke yi lokacin tashin jirgi da saukarsa na kunne ne, iska ce ke matsa shi, haɗiya kuma ke buɗe shi. Ki ja mayafi ki ba shi nono da zarar jirgi ya fara gudu, haka ma in aka sanar za a sauka. Babban yaro a ba shi alawa ya tsotsa ko ruwa ya riƙa kurɓa. In yaro na da ciwon kunne ko mura mai ƙarfi, likita ya duba shi kafin ranar. Fasinjan da ya harare ki kuwa, shi ma an goya shi.

Me ya kamata ya zauna a jakar hannu?

Takardu duka a leda ɗaya mai zif, a jikinki, da hotonsu a waya. Famfas fiye da yadda kike zato, kayan canji biyu ga kowane yaro da riga ɗaya taki, zanin goyo, ledoji na amai, sabulu, man zafi, da rigar sanyi saboda sanyin jirgi da na bas. Abin taunawa wanda ba ya lalacewa: dabino, biskit, cincin, gyaɗa ga manya kawai don tana shaƙe ƙanana. A filin jirgi ba a wucewa da ruwa fiye da mililita 100, amma ana barin madarar jariri da abincinsa in yana tare da ke. A aljihun duk yaron da ke tafiya da ƙafarsa ki sa 'yar takarda mai sunansa da lambar wayarki da ta mai masaukinku.

Yaya batun abinci da ruwa?

Abincin zango ba zai yi wa yaro baƙunta sosai ba. Akwai koko da ƙosai da safe, akwai shinkafa da wake da suke kira wace, akwai tuwon zafi da miyar ayoyo. Yajinsu na shito ne za a yi hattara da shi, a ce a zuba a gefe. Banku da kenke kuwa tsaminsu yakan sa yaro ya yamutsa fuska ranar farko. Kada a tilasta, kada kuma a bari ya ce ƙazanta ne a gaban wadda ta dafa.

Ruwa shi ne abin tsoro. Na jariri a tafasa, na sauran a sayi na gora ko na leda daga shagon da masu gida suka yarda da shi. Ƙanƙarar bakin titi da 'ya'yan itacen da aka riga aka yanka a bar su. Ki taho da ƙunshin ORS, wato haɗin gishiri da sukari na zawo, da ƙwayar zinc daga gida. In zawo ya kama yaro, ki narka ORS a adadin ruwan da aka rubuta a jikin ledar, yawanci lita ɗaya, ki riƙa ba shi kaɗan-kaɗan, ki ci gaba da nono da abinci. Zinc kuma miligiram 20 kullum na kwana 10 zuwa 14, rabin haka ga wanda bai kai wata shida ba. In kin ga jini a kashi, ko ido ya faɗa, ko ya ƙi nono, ko yana amayar da komai, asibiti nan take, ko da ƙarfe biyun dare ne. A nan ne za ki ji an ce bari a jiƙa masa wani abu tukuna. Ki yi godiya, ki saɓa ɗanki. Lambar gaggawa a Ghana 112 ce.

Sauro fa? Ai mu ma muna da shi a gida.

Muna da shi, shi ya sa ake sakaci. A gida yaro na da gidan sauronsa. A baƙunta sai a shimfiɗa musu katifa a falo su shida, ba inda za a ɗaura komai. Kudancin Ghana da lema, sauro ba ya hutun rani kamar na Arewa. Ki sa gidan sauro mai magani a kaya da 'yar igiya da ƙusoshi, ba nauyi gare shi ba. Duk zazzaɓin da ya taso, can ko bayan kun dawo, a yi gwajin jini a ranar kafin a ba da magani. Jijjiga ko yawan barcin da ba a iya tashin yaro alamar haɗari ce.

In a taron akwai jikokin da za su zo daga Ingila ko Amurka, nasu ya fi tsanani, domin jikinsu bai taɓa haɗuwa da maleriya ba. Iyayensu su ga likita makonni kafin tafiya a rubuta musu maganin kariya, su kuma sha shi har bayan komawa yadda aka ce.

Wace tsaraba za mu kai, kuma mu karɓi saƙon mutane?

Mutanen zango suna murna da abin da ke ƙamshin gida: kilishi, yajin daddawa, kuka, busasshiyar kuɓewa, turaren wuta, hula zanna, shadda ga tsofaffi. Kada dai tsaraba ta cinye nauyin kayan yara. In daga can wasu za su wuce Ingila ko Amurka, su cinye kilishin a Accra, domin ƙasashen nan ba sa barin shiga da nama.

Saƙo kuwa, da an ji za ku Ghana zai fara zuwa. Ƙa'ida ɗaya ce: duk abin da ba a buɗe a gabanku kun gani ba, ba ya shiga jakarku, ko daga wa ya fito. Ƙunshin magani musamman. Tramadol da maganin tari mai kodin suna kai mutum gidan yari, kuma “ba ni aka yi in kai” ba ta fitar da kowa. Mai jin nauyin ƙin karɓa ya ce kilo ya cika.

Kuɗi da waya?

Kuɗi uku za ku taɓa in ta mota ne: naira, sefa a Benin da Togo, sidi a Ghana. Ku canji ɗan sefa da sidi tun daga gida ko Legas, ƙanana, saboda ruwa da banɗaki. 'Yan canjin bakin iyaka sun san mai goyo ba ta da lokacin ciniki. Kada ku dogara da katin banki kaɗai. A Ghana ana yawan biya da MoMo, wato tura kuɗi ta waya, don haka ya fi sauƙi ku damƙa kuɗi ga wani amintacce a gidan ya riƙa biya muku ta wayarsa. Soket ɗinsu irin namu ne mai baki uku. Ku ware kuɗin asibiti da na dawowa a wuri daban, kada a taɓa su ko biki ya yi biki.

Kwana nawa ya dace mu yi, kuma yaya zaman gidan?

Mako biyu zuwa uku ya isa. Gidajen Nima da Aboabo a cushe suke, ɗaki ɗaya ko ciki da falo, banɗaki na haɗaka, ruwa wani lokaci na saye. Ba za su taɓa cewa kun yi musu yawa ba, za su ba ku gadonsu su kwana a ƙasa. Ku ne za ku lura. Ku tambayi wata ƙanwa a asirce yadda gidan yake tun kafin ku taso, ku sa hannu a cefane ba tare da an yi sanarwa ba, in kuma ku da yawa ne ku kama ɗaki a kusa ku riƙa wuni a gida. Ku tambayi lokacin hutun makarantunsu ma, kada ku je yaran gidan suna fita tun safe naku suna zaune.

Ku gargaɗi yaranku tun a hanya cewa Hausar can daban take. Za su ji an ce wa mace “ya zo”, za su ji kalmomin Turanci da na Tuwi a tsakiyar zance. Yaron Kano da bakinsa sai ya ƙyalƙyale da dariya a gaban kakarsa. A koya musu durƙusawa su gaida kowa, su kuma karɓi abu da hannun dama, wanda mutanen Ghana ke kula da shi ƙwarai.

Ina za mu kai su yawo?

A Accra akwai Babban Masallacin Ƙasa da ke Kanda, dab da Nima, wanda aka buɗe a 2021 da ginin irin na Turkiyya. A Kumasi akwai gidan tarihi na fadar Manhyia. Kasuwar Kejetia kuwa a je ba yara, ko a goya wanda za a goya a riƙe hannun sauran gam. Teku ce abin da za su fi so, ita ce kuma ta fi haɗari. Igiyar ruwan gaɓar Accra tana ja da ƙarfi, yaron da bai taɓa ganin ruwan da ya wuce Tiga ba bai san haka ba. Iyakarsa idon sawu, hannunsa cikin na babba, kuma kada a bar wa 'yan shekara goma sha amanar ƙanana.

Kakarsu ta ce a bar mata ɗaya ya zauna wajenta. Mu yi yaya?

Wannan maganar takan taso ana saura kwana biyu tafiya, a gaban mutane, lokacin da faɗin a'a ke da nauyi. Shi ya sa ya kamata ke da maigida ku yanke shawara tun a gida, ku san amsarku. In ba ku yarda ba, uzurin makaranta ya isa, a haɗa da alkawarin hutu mai zuwa, kuma uban ne ya fi dacewa ya faɗa ko ta waya, don kada abin ya zauna a kan suruka.

In kun yarda, ku tuna hatimin da ke fasfon yaron na baƙo ne mai iyakar kwanaki. Wanda zai zauna ya yi karatu sai an nema masa izinin zama a ofishin shige da fice na Ghana. A bar wa mai riƙon takardar amincewarku a rubuce, da katin rigakafinsa, da bayanin duk wani ciwo ko maganin da yake sha. A kuma faɗi ranar da za a dawo da shi da wanda zai rako shi, domin shi ma mai rakiyar zai tsaya a gaban jami'an Aflao da Seme da yaron da ba sunansu ɗaya ba.